Shin Sare Itatuwan Katako Yana Amfanar Mutanen da ke Zaune a Bakin Dajin?

Ɗan Kurmi a Jos ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Na daɗe ina zaune a Jos, ina koyarwa a wata makarantar sakandare, amma asalina mutumin wani ƙauye ne a kudancin Jihar Taraba, cikin Ƙaramar Hukumar Kurmi, inda har yanzu akwai sauran daji mai duhu da manyan itatuwa irin su loko da madaci da kawo. Makonni biyu da suka wuce ƙanen mahaifina ya kira ni ya shaida mini cewa wasu 'yan katako sun zo wurin dagaci da tayi. Suna so a ba su izinin sare manyan itatuwan dajin gari har rani uku, su kuma za su kawo gireda ta gyara hanyar da ta haɗa mu da babban titi, su gina ajujuwa biyu, su kuma haƙa rijiyar burtsatse. Kan dattawa ya rabu, matasa kuwa yawancinsu suna so, domin an gaya musu za a ɗauke su aikin dako da sharar hanya. An ce mu 'yan gari da ke zaune a waje mu kawo shawararmu kafin taron da za a yi bayan girbi.

Gaskiya hankalina bai kwanta da wannan tayi ba, amma kuma ba na son in je in hana mutane abin da ba ni da madadinsa. Hanyar nan na san ta. Idan damina ta yi nisa mota ba ta shiga, kuma na taɓa ganin an ɗora mace mai naƙuda a kan babur, mutum biyu suna tura shi cikin taɓo har kusan gwiwa. Wanda yake zaune a birni, 'ya'yansa suna karatu a aji mai rufi, ba shi da bakin da zai ce wa waɗannan mutane su zauna su yi ta kallon itatuwa kawai.

Tambayata ga waɗanda suka san harkar ita ce: mene ne ainihin abin da yankin da ke da daji yake samu idan aka sare katakonsa? Kuɗin da ake ta ambato, wa yake ci, kuma nawa ne yake tsayawa a garin da aka sare icen? Akwai wurin da sana'ar katako ta ɗaga mutanensa ta kuma ɗore, ko kuwa ko'ina labarin ɗaya ne? Ina roƙon amsa daga 'yan kasuwa da ma'aikatan gandun daji da duk wanda ya gani da idonsa, domin ba na son in tsaya gaban iyayena da zancen da na tsinta a takarda kawai.

Mai Rumfa a Kasuwar Katako ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin a sa hannu. Ni a wannan sana'a na tashi, a nan Kasuwar Katako ta Jos, a rumfar da mahaifina ya bar mana, don haka zan faɗa maka yadda kuɗin yake tafiya ba tare da na ɓoye ɓangaren da bai yi mana daɗi ba.

Falanki ɗaya kafin ya iso rumfata ya bi ta hannun mutane da yawa. Akwai mai bishiya, ko dagacin da ya ba da izini. Akwai ofareta mai injin yanka da yaransa, waɗanda suke kwana a daji makonni. Akwai 'yan dako da suke ɗauko falanki a ka daga inda aka kayar da icen zuwa inda mota za ta iya tsayawa, wani lokaci tafiyar awa guda ko fiye. Akwai mata masu dafa musu abinci, da direba da yaron mota, da mai sayar da man dizal da bakanike. Idan kaya ya iso nan, akwai masu saukewa, da masu injin tsagawa da gogewa, da masu baro, har da matan da suke kwasar dusar katako suna sayar wa masu kiwon kaji. Daga nan sai kafinta da magini. Duk rufin da ka gani a Rikkos ko Bukuru ko Dadin Kowa, akwai rafta a ƙarƙashinsa, kuma wani daji ne ya ba da ita. Wanda ya ce wannan harka ba ta ciyar da mutane, bai taɓa tsayawa a bakin kasuwarmu da safe ya ga yawan masu neman abinci a cikinta ba.

Amma amsar tambayarka ita ce, a cikin duk waɗannan mutane, wanda ya fi samun ɗan kaɗan shi ne mai bishiya. Na sha ganin an sayi ƙatuwar bishiyar da ta girmi kakan mai sayar da ita a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba, alhali idan aka tsaga ta aka kawo nan, abin da za ta fitar ya ninka wancan sau da yawa. Ba duk bambancin ne yake shiga aljihun ɗan kasuwa ba. Man dizal yana ci, lalacewar mota a mummunar hanya tana ci, takardun izini suna ci, shingayen da ke kan hanya kuma kowanne sai an ajiye wani abu. Sai dai ko an cire duk wannan, gaskiya ita ce mutanen ƙauye suna sayarwa da arha saboda ba su san farashin kasuwa ba, kuma suna cikin matsi lokacin da mai saye ya zo.

Akwai wani abu da ni kaina yake damuna. Lokacin da nake yaro, yawancin kayanmu daga kusa suke zuwa, daga kudancin Kaduna da wajen Akwanga da Wamba. Yanzu sai mun jira mota daga Taraba ko Binuwai ko Kuros Riba, wani kayan ma daga Edo da Ondo. Garuruwan da muka fara saye a wurinsu ba su zama masu arziki ba, itatuwan ne kawai suka ƙare muka wuce gaba. Shawarata ita ce kada ku yarda da cinikin "daji gaba ɗaya har rani uku". Mu 'yan kasuwa mun fi son irin wannan ciniki saboda ba a ƙirga mana komai. Ku sayar da bishiya bishiya, kowacce da farashinta bisa irinta da kaurinta, kuma ku turo mutum biyu su zo nan ko Dei-Dei a Abuja su tambayi farashin falankin madaci da na loko kafin ku buɗe baki.

'Yar Bali ta amsa:

Malam, ina yi maka sallama, kuma ina roƙon Alhaji mai rumfa ya yi mini haƙuri, domin abin da zan faɗa ya fi nasa ɗaci. Ni ma 'yar Taraba ce, daga wajen Bali, aure ne ya kawo ni Jos, kuma na ga abin da cinikin madobiya ya yi wa yankinmu.

Wajen 2014 zuwa 2017 ne abin ya yi ƙamari. Madobiya itace ce da muka sani tun muna yara ba tare da mun ɗauke ta a bakin wata dukiya ba. Fulani suna sassabe ganyenta su ba shanu da rani idan ciyawa ta ƙare, ana kuma amfani da jan ruwan jikinta wajen magani. Kwatsam sai ga baƙi suna nemanta ido rufe, aka ma sa mata sabon suna, ana ce mata Madrid. Ashe a ƙasar Sin ake yin kujeru da gadaje masu tsadar gaske da ita. Duk wanda ya bi hanyar Garba Chede a waɗannan shekaru ya ga gumagumai jibge a bakin titi kamar an zubar da duwatsu, tireloli suna lodi dare da rana zuwa Legas.

Ba zan ce ba a ga kuɗi ba. An gani. Ƙanena da abokansa sun bar gona sun shiga daji, cikin 'yan watanni kowa ya sayi babur, wasu sun yi aure, wasu ƙalilan masu hangen nesa sun gina ɗaki da kwano. Amma a daidai wannan lokaci gonaki suka zauna ba nomawa, kayan abinci ya yi tsada a kasuwarmu, yara maza da yawa suka daina zuwa makaranta saboda dakon gungume ya fi aji kawo kuɗi. An kuma yi asarar rayuka da gaɓoɓi, domin ice ba ya faɗuwa inda ake so kullum, kuma ba wanda yake biyan diyya. Da manyan itatuwan suka ƙare sai aka koma kan ƙanana waɗanda a da ba mai kallonsu. A 2016 aka sanya madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya take sa ido a kan cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Masu saye suka kama gabansu, baburan suka tsufa, ba a bar mana masana'anta ko ɗaya ba, hanyoyin da tireloli suka bi kuma sun fi da lalacewa.

Abin da nake so ka kai wa taronku shi ne lissafin mata, domin na san ba za a kira su ba. Idan aka kayar da babbar bishiya, ba ita kaɗai take faɗuwa ba, tana danne kaɗanya da ɗorawa da duk abin da ke kusa da ita, motar da za ta jawo ta kuma tana murƙushe wasu. Mahaifiyata da man kaɗe da daddawa ta yi mana kayan ɗaki mu uku. Wannan kuɗi ne da yake shigowa kowace shekara ba tare da an sare komai ba, amma ba a taɓa rubuta shi a takardar yarjejeniya. Akwai zuma, akwai itacen girki na kusa, akwai rafin da muke ɗiban ruwa, wanda a da yake kai mu har bazara, yanzu kuwa tun kafin sanyi ya wuce mata suke tonon yashi. Ka tambayi iyayenka mata abin da suke samu daga dajin nan a shekara, ka ninka shi da shekara ashirin, sannan ka ajiye shi kusa da ajujuwa biyu da rijiya ɗaya.

Tsohon Malamin Daji ya amsa:

Ina gaida Malam mai tambaya, ina kuma gaida Alhaji da Hajiya, domin kowannensu ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, kuma maganganunsu ba su saɓa wa juna ba kamar yadda za a zata. Ni a kwalejin koyon aikin gandun daji ta tarayya da ke nan Jos na yi karatu, na yi aikin daji har na yi ritaya, don haka ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan al'amari ita ce a ɗauki daji kamar jarin ɗan kasuwa. Itatuwan da ke tsaye su ne uwar kuɗi, ƙaruwar da suke yi kowace shekara ita ce riba. Yankin da yake sare daidai abin da dajinsa yake ƙarawa, riba yake ci, kuma zai iya ci har jikoki. Yankin da ya sare fiye da haka uwar kuɗi yake ci, ko da kuwa a shekarun farko ya ga kamar arziki ne ya sauka. Duk aikin da aka koya mana a kan wannan ne ya ginu. Kafin a ba da izini sai mun shiga mun ƙirga itatuwa, mun auna kaurin kowacce da tef a daidai ƙirjin mutum, wadda ba ta kai awon da doka ta yanke ba ba a taɓa ta. Ana barin iyaye masu zubar da iri, ba a sara a bakin rafi ko a kan gangare, kuma duk gungumen da zai fita sai an buga masa hatimin guduma. Yankin da aka sara a bana ana rufe shi shekaru masu yawa kafin a sake komawa. Abin da ya rusa wannan tsari shi ne lokacin da aka fara kallon daji a matsayin wurin tara kuɗin shiga kawai, aka yi ta rage wa'adin hutun, aka daina ba da kuɗin ƙirga da na dashe.

Malam ya tambaya ko akwai inda katako ya ɗaga mutane. Akwai. Garin Sapele a Jihar Delta da katako ya bunƙasa tun zamanin Turawa, har akwai icen da duniya ta sani da sunan garin, kuma masana'antar katako da filawud da ke can ta ɗauki dubban ma'aikata a zamaninta. Abin lura shi ne ba sarar ce kaɗai ta gina Sapele ba, sarrafawar ce, domin albashin wata-wata a masana'anta yake, ba a bakin kututture ba. Najeriya ta taɓa zama babbar mai fitar da katako, amma dazuzzukan suka ja baya har a 1976 gwamnati ta hana fitar da gumagumai. An kuma dasa itacen melaina mai yawa domin ciyar da masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, masana'antun suka durƙushe, yanzu takardar da yaranka suke rubutu a kai yawancinta daga waje ake kawo ta.

A wasu ƙasashe kuwa abin ya ɗore. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Finlan daji ne, sun fi shekara ɗari suna sara suna sayar da katako da takarda, dajin kuma bai ƙare ba. Maƙwabciyarta Suwidin tun 1903 ta yi dokar da ta tilasta wa duk wanda ya sare daji ya tabbatar wani ya tsiro a gurbinsa. A nan Afirka, Gabon ta hana fitar da ɗanyen gungume daga 2010, ta ce a sarrafa shi a gida, kuma hakan ya jawo masana'antu suka taru a Nkok kusa da Libreville. Amma misalin da ya fi kusa da ku shi ne na mutanen Ekuri a Kuros Riba. Ƙauyuka biyu ne masu daji sama da hekta 30,000, kuma su ma rashin hanya ne babbar matsalarsu, su ma an zo musu da tayin hanya a madadin daji. Sai suka zaɓi su riƙe dajinsu su tsara amfaninsa da kansu, suka yi hanyar da gumin jikinsu da abin da dajin yake kawo musu, har a 2004 suka sami lambar yabo ta hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba su huta da masu kwaɗayin dajin ba har yau, amma dajin yana nan.

Ba na goyon bayan a ce kada a sare ko ɗaya. Kuros Riba ta gwada hana sara gaba ɗaya daga 2008, lokacin Gwamna Liyel Imoke, amma sara ta ɓoye ba ta tsaya ba, sai dai al'umma ta rasa ɗan kason da take samu ta halal. Ice idan ya tsufa yana ruɓewa daga ciki ya faɗi da kansa, kuma babu laifi mutanen da suka tsare shi shekaru su amfana da shi. Sai dai a san cewa loko da madaci ba gero ba ne. Wanda ya sare loko a yau, ba shi ba ne zai ga magajinsa ya kai girman sara, da wuya ma ɗansa ya gani. Melaina kan kai amfani cikin shekara 10 zuwa 15, itacen tik kuma daga shekara 20 zuwa sama. Duk wanda ya bi hanyar Gidan Waya ya ga gandun Nimbiya ya ga abin da dashen tik yake iya zama, haka ma itatuwan turare da aka dasa a nan Filato a wuraren da haƙar kuza ta ɓata, waɗanda har gobe ake samun sandunan gini da itacen wuta daga gare su. Akwai kuma tsarin da ake kira taungiya, wanda a Najeriya aka fara gwada shi a Sapoba, cikin Jihar Edo ta yanzu, a 1927, inda manomi yake shuka abincinsa a tsakanin ƙananan dashe yana kula da su har su rufe sama. Wannan ya dace da mutanenku ƙwarai, domin ba ya raba manomi da gona.

Kafin komai, Malam, ku bincika matsayin dajin. Harkar daji a hannun gwamnatin jiha take, kuma idan wani ɓangare nasa yana cikin gandun gwamnati, dagaci ba shi da ikon bayar da shi, rigima kuma a kanku za ta ƙare ba a kan baƙin ba. Ko da na gari ne, sai da izinin ma'aikatar gandun daji.

Mai Rumfa a Kasuwar Katako ya sake amsawa:

Ranka ya daɗe, Baba, na ƙaru da bayaninka, kuma abin da Hajiya ta faɗa game da madobiya ba ni da ja a kai, domin wasu daga cikin abokan sana'ata sun shiga wannan ciniki kuma na san yadda ya ƙare. Inda nake da ɗan tsokaci shi ne maganar sarrafawa a gida. Magana ce mai kyau, amma injin tsaga katako na sosai yana bukatar wuta ko babban janareta, yana bukatar mai gyara a kusa, yana bukatar hanya da tsaro. Ba mai zuba jarinsa a ƙauyen da mota ba ta shiga wata huɗu a shekara, balle a wannan zamani da ofaretoci da yawa suke tsoron kwana a daji saboda masu garkuwa da mutane. Shi ya sa ake yanka da injin hannu a inda ice ya faɗi, duk da kowa ya san ɓarnarsa. Na sha tsayawa a irin wannan wuri na ga abin da aka bari a ƙasa, ɓawo da gefe-gefe da manyan rassa da dusa, ya kusa kai abin da aka ɗauka.

Abin da nake ganin zai yiwu ga mutanen Malam shi ne ƙungiyar gari ta sayi injin hannu nata, a koya wa matasa biyu ko uku yanka mai kyau, su riƙa fitar da falanki da kansu suna sayar wa irinmu a bakin hanya. Ko wannan ɗan matakin kaɗai zai sa kuɗin ofareta da na dako da ribar farko su tsaya a gari. Zan fi biya da tsada, amma na fi son in san cewa bayan shekara goma akwai inda zan koma saye.

Kafinta daga Bukuru ya amsa:

Ni ƙaramin mai sana'a ne, amma ina so in ƙara abu ɗaya daga ɓangarenmu. Yawancin katakon da yake zuwa mana yanzu ɗanye ne, an yanka shi daga ƙananan itatuwa an kuma ɗoro shi mota bai bushe ba. Ka yi wa mutum ƙofa da shi, idan iskar hunturu ta Jos ta buge ta sai ta murɗe ta ƙi rufuwa, mai gida ya dawo yana ganin laifinka. Saboda haka masu kuɗi da yawa sun koma sayen ƙofofin ƙarfe da allunan da ake shigowa da su daga waje, mu kuma aiki yana raguwa. Idan mutanen Malam za su jera falankinsu a inuwa, a sa 'yan sanduna a tsakani iska tana ratsawa har ya bushe kafin su sayar, wallahi za mu saya da daraja, domin busasshen madaci mai kauri ya zama abin nema. Wannan ba ya bukatar wuta ko inji, rumfa ce kawai da haƙuri.

Ɗan Kurmi a Jos ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, maganarki ta sa na kira innata jiya da dare, kuma ta tabbatar mini cewa ba wanda ya tambayi mata komai, alhali gefen dajin da ake magana a kai nan ne suke tsintar ƙwarar kaɗanya, nan ne kuma idon rafinmu yake. Alhaji, zan zo rumfarka da ɗan'uwana ranar Asabar idan Allah ya kai mu, mu ji farashi da kunnenmu.

Baba, saura abu ɗaya. Na san mutanenmu, idan na je na ce a dakata sai an ƙirga itatuwa, za su ce ɗan boko ya zo da dogon Turanci alhali damina tana tafe hanya kuma ba ta gyaru ba. Shin wannan ƙirga abu ne da mu da kanmu za mu iya yi cikin ɗan lokaci? Kuma idan dattawa suka dage sai an karɓi tayin, me ya kamata in tsaya a kai lallai a rubuta?

Tsohon Malamin Daji ya sake amsawa:

Za ku iya, ɗana. Ku nemi malamin daji na yankinku ya raka ku, ku haɗa shi da maharba biyu da suka san dajin, da matasa masu iya rubutu, da mace ɗaya ko biyu daga masu tsintar ƙwara. Abin da kuke bukata shi ne tef da fenti da littafi. Kowace babbar bishiya a rubuta mata lamba a jiki, a rubuta irinta da kaurinta a littafi. Wadda aka yarda a sare a sa mata jan fenti, iyayen iri da na bakin rafi da duk wadda faɗuwarta za ta danne kaɗanya ko ɗorawa a bar su ba alama. Ba sai kun gama dajin duka ba, ku fara da yankin da za a taɓa a ranin farko, wannan aikin 'yan makonni ne.

Idan dattawa suka dage, ka tsaya a kan cewa yarjejeniyar ta rani ɗaya ce, ba uku ba, kuma ba a sabunta ta sai gari ya sake zama ya duba abin da aka yi. A rubuta adadin itatuwa da lambobinsu. A gama hanya da kwalbatocinta kafin gungume na farko ya fita, domin gireda tana share hanyar da tirela za ta bi ko da ba ku roƙa ba, kuma hanyar da ba kwalbati ruwan farko yake cinye ta. Kuɗin kowace bishiya ya shiga asusun ƙungiyar gari mai sa hannun mutum uku, a ware wani kaso tun farko domin renon dashe. Irin madaci yana faɗowa da rani kuma ba ya jure ajiya, saboda haka ku sa 'yan makaranta su tsinto shi da zarar ya zubo, a shuka a leda kusa da rafi, zuwa tsakiyar damina ya isa dasawa. Idan za ka wuce gida ka biyo ta wurina a Tudun Wada, ina da tsohon tef na awo da samfurin littafin ƙirga, sai ka tafi da su.